Hannun Malama Vasko

Lorraine Tackett ce ta kawo kek ɗin taron, kamar kullum. A garinmu ba a biki, ba a jana'iza, ba a taron makaranta sai da kek ɗin matar fasto. Hannunta ba ya rawa. Takan ja furanni da sukari, layi siriri kamar da alƙalami, ta ƙarasa da ɗan ƙudan zuma a kusurwa, fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Fasto Wendell ba ya gajiya da ba da labarin yadda ya tsinto ta a jihar Florida, can bakin teku, yarinya mai kunya da ta ce masa a gidan burodi ta koyi aiki.

Taron ranar kuwa ba na daɗi ba ne. An cika zauren wasanni na makarantar firamare don a yanke magana ɗaya: a sabunta wa Corinne Vasko, malamar aji uku, aikinta, ko ta tattara nata ya nata ta bar gari.

Laifinta hannayenta. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk zanen allura ne, irin wanda ba ya goguwa, tsuntsaye da furanni da igiyar ruwa. Ranar buɗe makaranta ta zo da riga mai hannu iya gwiwa. Lorraine tana yanka kek, ta ɗago kai ta ga hannun, sai wuƙa ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa.

Tun daga ranar ta sa malamar a gaba. Ta cire 'yarta daga ajin. Ta bi gida-gida tana hure wa iyaye kunne, wai yau zane, gobe ƙwaya. Amma ko sau ɗaya ba ta tsaya gaba da gaba da Corinne ba. In ta hango ta a kanti, sai ta juya ta bi wani layi.

Shugaban makaranta ya ce Corinne ta riƙa rufe hannu, ta rufe. Har cikin zafin watan Mayu tana fama da doguwar riga, gumi na tsiyaya. Ba ta da zaɓi, domin mahaifinta mai ciwon ƙoda ta biyo garin, kuma babu wata makaranta kusa. Yaran ajinta sun iya karatu fiye da na bara, amma wa ya damu da wannan? Mutanenmu in sun samu wanda za su tsana tare, har ƙiba suke yi.

Dale Huckaby mai sayar da tayoyi ne ya fara miƙewa. Kowa ya san akwai zanen allura na jirgin ruwa a ƙirjinsa tun yana soja, amma nasa a ƙarƙashin riga yake, don haka shi mutumin kirki ne.

"Ɗana ya dawo gida ya zane hannunsa da biro, wai shi ma malami zai zama," in ji shi. "Makaranta muka kawo su ko gidan yari?"

Aka yi ta tafi. Wata uwa ta ce ita ko karenta ba za ta bar wa mai irin wannan hannu ba. Corinne tana zaune ita kaɗai a kujerar gaba, ta ɗora hannayenta a cinya.

'Yan hukumar makaranta sun riga sun karkata. Da Lorraine ta yi shiru, da magana ta ƙare a nan. Amma ta ga nasara a kusa, ta kasa haƙuri. Ta miƙe daga can baya, kusa da teburin kek.

"Ku kuna ganin furanni ne kawai," ta ce. "Ku tambaye ta abin da ke kafaɗarta ta hagu. Maciji ne, baki buɗe, da jan ido. Shi za mu ba wa 'ya'yanmu?"

Zaure ya ɗauki hayaniya. Fasto Wendell ya girgiza kai, farantin kek a hannunsa, yankan kusurwa da matarsa ta keɓe masa.

A karon farko Corinne ta juya. Ta daɗe tana kallon fuskar Lorraine, sannan ta kalli kek ɗin, ta sake kallon fuskar.

"Misis Tackett," ta ce a hankali, "ban taɓa buɗe kafaɗata a garin nan ba. Ko babana bai san da macijin nan ba. Ke a ina kika gan shi?"



Corinne ta tashi tana ɓalle maɓallin hannun rigarta. Ta ce tana 'yar shekara goma sha takwas aka yi mata shi, a wani shago a bakin teku. Wata yarinya ce mai rinannen gashi ta yi, gwanar gaske, wadda ta ce mata ita ba ta sakin aiki sai ta sa alamarta.

Ta naɗe hannun rigar har kafaɗa, ta taka zuwa wurin fasto, don shi ya fi kusa. Ya sunkuya ya duba, sannan ya dubi farantinsa. Can ƙarƙashin jelar macijin ga ɗan ƙudan zuma, sak irin na kan kek ɗin, fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo.