Kunnen Malam Isyaku

Malam Isyaku aiki biyu gare shi, ɗaya na neman abinci, ɗaya na so. Da safe shi ne mai duba ma'aikata a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Sharaɗa, inda injuna ke ruri har mutum ba ya jin tarin kansa. Da la'asar kuma, a zauren gidansa a Ɗorayi, yana koyar da 'ya'yan abokan aikinsa adabin Ingilishi, masu shirin babbar jarrabawar nan da ake shiga jami'a da ita. Tsohon malamin makaranta ne, albashi ne ya ja shi masaƙa a 1979, amma zuciyarsa tana aji.

Da kunne yake koyarwa. Ɗalibi zai miƙe ya karanta waƙa da ƙarfi, sauran suna buga amonta da yatsa a kan dogon benci, shi kuwa ya lumshe ido yana saurare.

"Daga inda kuka ja numfashi nake gane ko kun fahimta," in ji shi. "Mai hadda ba ya ɓoye mini."

To, masaƙar ta raba wa ma'aikata 'yan robobin toshe kunne. Sai aka mai da su abin tsiya. Duk wanda ya sa, a ce wane ya zama amarya, har da 'yan kunne. Abin haushin shi ne, Malam Isyaku ya fi kowa sanin amfaninsu. Mutumin da zai yi maka bayanin baiti ɗaya har magariba, sai ga shi yana tsoron dariyar yara masu saƙa. Ya jefa nasa a aljihu, can suka tsufa.

Matarsa Zuwaira ce ta fara lura.

"Malam, rediyon nan naka har maƙwabta sun gama jin labarai."

"Sabon batir ne," ya ce da ita.

Da kunnen ya fara yi masa shuu ba dare ba rana, sai ya ce datti ne. Ya ɗiga man zaitun, ya sosa da gashin kaza, ya koma cikin injuna abinsa.

Ana gab da jarrabawa asiri ya tonu. Ladidi, 'yar direban masaƙar, tana tsakiyar karatu tari ya sarƙe ta, ta fita shan ruwa. Zaure ya yi tsit. Malam kuwa yana nan ido a rufe, yana gyaɗa kai, can ya ce, "Madalla, Ladidi, haka ake so." Da ya buɗe ido sai ya hango ta a bakin ƙofa da moɗa a hannu, sauran sun sunkuyar da kai don kunya.

A asibiti sai da likita ya ɗaga murya kafin ya ji shi.

"Jijiyar ji ce ƙara ta lalata, Malam. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, ɗan abin da ya rage ma yana kan hanya."

Ya dawo gida. Da yara suka hallara ya ce musu, "Ku nemi wani malamin tun da sauran lokaci. Kurma ba ya koyar da waƙa."

Ba wanda ya tafi. Tijjani, babban cikinsu, ya taso ya durƙusa, ya kama hannun Malam ya ɗora a kan benci, ya yi wa Ladidi nuni. Ta matso gabansa yadda zai ga bakinta, ta fara karatu, yara suka shiga bugawa. Amon ya bi katako ya shiga tafin hannunsa. Ba a yi nisa ba ya ji bugun ya harɗe.

"Tsaya," ya ce da Ladidi. "Kin yanke numfashi a tsakiyar magana. Mai waƙar bai gama kukansa ba, ke kin gama masa."

Aka tuntsire da dariya, shi ma yana yi yana share ido da hannun riga. Haka suka ƙarasa karatun, hannunsa a kan benci, idonsa a kan bakinsu. Kullum in sun tashi sai ya ce, "Allah ya saka muku. Kun mayar mini da ajina."

Da sakamako ya fito, yawancinsu sun ci. Ladidi ta zo da mahaifinta, ta durƙusa a zauren, ta daɗe tana magana tana hawaye. Kanta a ƙasa yake don ladabi, saboda haka ko laɓɓanta bai gani ba. Ya yi murmushi, ya yi ta cewa amin. Wannan godiya ita ce duk ladan da ya taɓa so a wurin ɗalibi, ga ta an kawo masa har gida, amma ko kalma ɗaya bai ji ba.

Bai yi ƙorafi ba. Ya gode wa Allah da ya bar masa ido da hannu da yara masu halacci. Washegari aka gan shi tsaye a ƙofar ɗakin saƙa, ba ya barin kowa ya shiga sai ya toshe kunne. Masu tsiya suka yi ta tsiyarsu, shi kuwa ba ya jin su.

Ya mai karatu, in an ba ka kayan kariya a wurin aiki, ka sa su, kowa ya yi dariyarsa. Masu dariyar za su tashi aiki su tafi gida, kai za a bari da nakasar har ƙarshen rayuwarka.