Biko Daga Gwanzu

"Ce mai ya tuɓe takalmi ya durƙusa," in ji tsohuwar. "Ba a biko a tsaye, ko a ƙasar Sin mutum yake."

Ɗiyarta, wadda ta yo yaji tun kafin mijin ya tafi saro kaya, ta jingina wayar da turmi. Ga surukin a bidiyo, tsakiyar kasuwar Gwanzu. Ya durƙusa ya sunkuyar da kai, Sinawa suna ratse shi.

Tsohuwa ta ja mayafi ta kawar da fuska, don ba a kallon suruki ido da ido. Ta yi faɗa, ta yi nasiha, har laifin kakansa sai da ta tono. Ko tari bai yi ba. Da ta saci kallo, yana nan yadda yake. Zuciyarta ta yi sanyi.

"Na yafe. Tattara kayanki ki koma ɗakinki."

"Inna, ai tun ɗazu sabis ya bar nan Illela ya tsallaka iyaka zuwa Kwanni. Hoton ne ya tsaya."

"Mi?" Ta ƙura wa wayar ido, sannan ta gyara zama. "To kar ki taɓa. Ko ubanki bai taɓa saurarena haka ba, kuma ban gama ba."