Kofi Uku na Bulubari

Kek ɗin ya rufta a tsakiya tun kafin a sa masa wuƙa, ranar Asabar, a walimar auren ƙanwar Rabi'a a Tsafe. Rabi'ar ce ta gasa shi. Shekara shida tana wannan sana'a a Damba, Gusau, ba a taɓa maido mata da aiki ba.

Amma a danginsu, kek ɗin Nana Aisha, 'yar baffanta, ake yabo. "Ki je ta koya miki mana," in ji Inna, mahaifiyar Rabi'a. Maganar nan ce ta sa Rabi'a ta ɗauki hoton littafin girkin Nana Aisha a ɓoye. An rubuta: bulubari, kofi uku. Ita kofi ɗaya na ƙananan 'ya'yan itacen nan na Turai take sawa. Ta ɗora ukun a sikeli, giram 450. Ta san ruwan 'ya'yan itacen zai jiƙe kwaɓin. Ta juye duka.

A wurin walimar, Nana Aisha ta same ta a kicin, ta ɗanɗana kek ɗin, ta sunkuyar da kai.

"Yaya Rabi, shafi na huɗu kika ɗauka, ko? Gwaji ne. Naki nake ta ƙoƙarin kwaikwaya, bai taɓa yi ba."

"To wanda ake yabon fa?"

"Naki ne. Ƙawata ta Bungudu ke sayo mini, in kankare adon in sake wani."

Inna ta leƙo, tana tambayar ko Nana Aisha za ta fitar da su kunya da nata kek ɗin.