Motar da Ta Ƙi Cin Caji

"Sake dubawa dai!" maigidan ya daka wa mai gyaran wuta tsawa. "Kullum da yamma nake jona motar lantarkin nan a caji, gari ya waye batir na nan inda na bar shi. Yau ma a ƙafa na kai yara makaranta!"

Mai gyaran ya buɗe cajar da ke bangon gareji, ya gwada wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya jona motar. Koriyar fitila ta kama.

"Alhaji, wallahi lafiyarta lau."

"To aljanu ne ke shanye wutar?" Ransa ya gama ɓaci. Ya riga ya yi wa dillalin da ya sayar masa da motar tas, har an canza masa wata cajar.

Mahaifiyarsa da ke kan tabarma a bakin ƙofa ta ajiye carbi.

"Wai a kan akwatin nan kuke ta hayaniya? Ai ni nake kashe makunninsa bayan isha'i, in kunna da asuba."

"Inna! Don me?"

"Ba kai ka hana ni barin waya ta kwana a caji ba, ka ce fashewa take yi? Balle motar da jikokina ke shiga!"