Koren Awarwaro

Tun da aka raba wa ɗalibai awarwaron auna ciwo, aka daina tambayar kowa ya jiki. Sai ya yi ja ake ba da hutu.

Na Ramlatu kullum kore shar, alamar lafiya, alhali ciwon sikila na cin ƙashinta. Ranar ɗaura shi tana cikin ciwo, amma da likita ya tambaya, ta amsa yadda aka koya mata a gida: "Da sauƙi." Tun daga ranar awarwaron ya ɗauki wannan azaba a matsayin lafiyarta.

Yau ko takalmi ta kasa sawa.

"Umma, wallahi na gaji da rayuwar nan."

Umma ba ta dubi fuskarta ba, hannunta ta kamo.

"Alhamdulillahi, kore ne. Tashi, kin makara."