Kawu Ma Ya Yi Nasa Binciken

Suwaiba ta tarar da Haladu a ƙofar gidansu a unguwar Dutse Uku, ya jingina da babur, fuska a murtuke. An kusa sa musu rana, amma har yanzu bai daina tura 'yan'uwansa binciken halinta wurin maƙwabta ba.

"Wa ya sauke ki jiya a bakin layi?" ya tambaya, ko gaisuwa babu.

Da can sai ta hau rantsuwa har da hawaye. Yau kuwa ta dube shi ido cikin ido.

"Kawu Mahdi ne. Daga kasuwar Katako yake, shi ma ya je nasa binciken a kanka. Abokan sana'arka har sun yi masa murna, sun ɗauka kawun Sumayya ne, wadda manyanka suka je nema maka a Rikkos."

Haladu ya sunkuyar da kai.

Ta zaci zuciyarta za ta yi zafi, sai ta ji wani sanyi ya ratsa ta. Ashe ba laifinta yake gani ba, halinsa yake tsoron samu a wurinta.

"Ka gaida gida," ta ce.

Ta shige ciki, rabon da ta ji yunwa irin ta yau har ta manta.