Gadar Ƙarfen Mai Siton Riɗi

Bari in ba ka misali da wani mai siton riɗi, mutumin da ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa ƙasan kofin. Dakalin lodi na sitonsa bai yi daidai da bayan mota ba, don haka 'yan dako ke gitta katako su tura amalanke a kai. Ranar da katakon ya karye da wani, shugabansu ya ce in kaka ta yi ba a gyara ba, za su koma siton gaba. Sai mai sito ya nufi wurin masu sayar da gadar ƙarfe, irin wadda ake kafewa a bakin dakali, a ɗaga ta ko a sauke ta har ta kwanta a bayan mota. Tun daga ƙofa ya yanke cewa cutarsa za a yi. Ya kankare fenti da makulli ko tsohon ƙarfe aka shafe, ya ƙwanƙwasa walda ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka ɗora mata nauyi yana tsaye. Mai kayan ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi irin motocin da ke zuwa sitonsa, ya kuma nemi ya bar shi ya je siton ya gani da idonsa. Nan zargin mai sito ya tashi. Wato so yake ya ga girman harkar, ya liƙa masa babbar gadar da ba ya buƙata! "Na auna da kaina," in ji shi. Ya zaɓi gajeriya, ya fito yana murmushin wanda ya tsallake tarko.

Ashe tirela ya auna, ita ma babu kaya a cikinta, don da damina manyan motoci kaɗai ke zuwa ɗiban abin da ya rage. Da kaka ta kama, sai ga ƙananan motocin ƙauye, gajeru tun asali, ga lodi ya ƙara danne su. Gadar ta sauka ta same su, amma saboda gajartarta sai ta zama tudu. Shugaban 'yan dako ya turo amalanke mai buhu takwas daga mota zai hau dakali, ya kai tsakiya ƙarfinsa ya ƙare, ta dawo da baya ta bi ta kan ƙafarsa. Ƙarfe ko gezau, walda ko ɗaya ba ta buɗe ba. Yaransa suka ɗauke shi, kuma washegari a siton gaba suka yi sallama. Mai sito ya tsaya shi kaɗai a kan dakali, motoci jere a ƙofa, direbobi na danna masa oda. Ya so ƙwarai ya sami wanda zai zarga, ya duba gabas da yamma bai samu ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.